Farar Matakalar Mis Polly

Bokitin yana hannuna, ban ma kai ga juye shi a kwata ba, sai na ji ƙara a bayana. Da na waiga, ga Odessa zaune daɓas a gefen titi, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe. Jakarta ta buɗe, abin awon jini da kwalaben magani sun watse har ƙarƙashin motar maƙwabta.

"Kada ki taɓa ni tukuna," ta ce, da na rugo. "Bari in fara jin ko duk ƙasusuwana suna nan."

Odessa Tillman ita ce nas ɗin da ke zuwa duba Mis Polly kowace safiya, tun da likitoci suka ce zuciyar tsohuwar ta gaji, babu sauran abin da asibiti zai yi mata. Mace ce baƙar fata mai jiki, ta haura hamsin, ba ta da yawan magana. Ta dubi matakalar da ta kayar da ita, hawa uku na farin dutse, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai.

"Lorraine, wa ya zuba ruwa a nan?"

"Ni ce."

"A watan Janairu?"

"Yau Asabar," na ce. Ni kaina na ji rashin kan gadon amsar.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a gilashin taga. Mis Polly ce, da zoben aurenta. Tun da aka dawo da gadonta falo, kusa da taga, da zoben nan take mulkin layinmu. Na ɗauka tambayar lafiyar Odessa take yi. Ashe kusurwar hawa na ƙasa take nuna mini, inda na bar kumfar sabulu.

Na yi shekara da shekaru ina koyar da 'yan aji huɗu, kuma ba a taɓa jin muryata daga ajin da ke maƙwabtaka da nawa ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni ba a ce in dafa ba, gogewa kawai aka sa ni, amma a hannun Apolonia Bielak, wato Mis Polly, na gane haƙurina yana da iyaka.

Gidana da nata bango ɗaya ya raba, kamar yadda duk gidajen layinmu na gabashin Baltimore suke manne da juna, jan bulo da farar matakala daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A da, in ji ta, ranar Asabar ba ka ganin komai a layin sai bayan mata a durƙushe. Yanzu hukuma ta kafa allo a kan kwana cewa unguwar ta tarihi ce, baƙi suna zuwa ɗaukar hoto, amma masu goge matakala sun ƙare. Ita kaɗai ta rage. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta miƙo mini burushinta, ba tare da ta tambaye ni ko ina so ba.

Na kama Odessa ta miƙe, muka tattara kayanta, muka hau da rarrafe kamar yara.

"Kin ji ciwo, 'yar nan?" in ji Mis Polly. Ta zama 'yar mitsitsiya a cikin bargo, sai hanci da idanu.

"Ƙuguna ya bugu, Misis Bielak. Kuma dole in faɗa wa ofis. Dokarsu ce: inda ma'aikaci ya faɗi, ba a sake tura kowa sai an gyara wurin. In ba a gyara ba zuwa Litinin, mota za su aiko a kai ki gidan jinyar tsofaffi."

"A ɗakin sama na gidan nan aka haife ni."

"Na sani. Shi ya sa nake cewa a zuba gishiri a matakalar, ƙanƙarar ta narke."

"Gishiri!" Ta yunƙura kamar za ta tashi. "Gishiri cin dutse yake yi. Ki je ki dubi ta gidan su Henke, duk ramuka, kamar fuskar wanda ya yi agana."

"To a daina wankewa sai sanyi ya wuce," na ce.

"Malama, ke dai ba kya son aiki."

"Mis Polly, ruwan daskarewa yake yi kafin in ɗaga bokiti."

"Don ba kya tsanewa da kyau. Uwata tana da 'ya'ya bakwai, ba wanda ya taɓa faɗuwa."

"Ko an wanke ko ba a wanke ba, dusar ƙanƙara za ta sauka," in ji Odessa. "Dutsen nan santsi ne da shi. Ni ina da jikoki, ba zan karye a bakin ƙofar kowa ba." Ta auna ta, ta ba ta magani, ta gyara mata matashin kai da tausasan hannuwa kamar ba su ne ke cacar baki ba. Ta sauka tana dafa kafaɗata.

Da yamma na je wurin Mista Preston, wanda ke cikin kwamitin kula da tsofaffin gidaje, shi ne kuma ke zagayawa da baƙi ranar Lahadi. Na tambaye shi ko za a iya kafa ƙarfen dafawa. Ya ba ni kujera, ya ba ni kofi, ya yi mini dogon bayani a kan mahaƙar da aka sassaƙo dutsen da kuma keken dokin da ya kawo shi.

"Huda dutsen nan ba ƙaramar magana ba ce, Mis Lorraine. Sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe zai zauna?"

"Cikin Maris."

"Matar ba za ta kai Maris ba."

"Ai kuwa abin takaici ne," ya ce, kuma na ga da gaske yake. "Matakalarta ce ta fi kyau a duk layin."

Da na gaya wa Mis Polly, cewa ta yi wannan ne karo na farko da yaron nan ya faɗi magana mai ma'ana.

Ranar Lahadi bayan coci dabara ta zo mini, har na ji haushin kaina da ban tuna tun jiya ba. Kowane gida a layinmu yana da ƙofar baya, ta kicin, mai fita lungu. Babu hawa, siminti ne shimfiɗe. Na ɗauki shebur na kwashe dusar ƙanƙara tun daga bakin lungun har ƙofarta, na jera garewanin shara gefe guda, na zuba gishiri har ya yi yawa, don siminti ba na kowa ba ne. Na shiga da kwanon miyar kabeji da fara'ata.

"An gama," na ce. "Gobe Odessa ta shigo ta baya. Ba a taɓa dutsenki ba, ke ma ba a taɓa ki ba."

"A'a."

"Mene ne a'a?"

"Ba za ta shigo ta lungu ba."

Na ajiye kwanon a hankali. Na ƙirga a zuci kamar yadda nake koya wa yara su yi in ransu ya ɓaci. Bai yi amfani ba.

"Haba Mis Polly! Gishiri, kin ce a'a. Ƙarfe, a'a. A bar wanki, a'a. Ni da kaina ta baya nake shigowa kullum. Ke ma tun da na san ki ta baya kike shiga, don kada ki taka abin da kika goge. Me kike so? So kike su zo su naɗe ki a bargo su tafi da ke can bayan gari, ki mutu kina kallon wurin ajiye motoci?"

Ban taɓa furta kalmar mutuwa a gabanta ba. Ta dube ni, ba alamar ta ji zafi.

"Kin gama, Malama? To zauna." Na zauna. "Ke farar fata ce, ki shiga ta bututun hayaƙi ma in kin ga dama, ba abin da zai ragu a jikinki. Lokacin da nake yarinya akwai wata mata baƙar fata, Hattie, tana zuwa taya uwata wanki. Wata rana ana ruwa ta ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Uwata ta leƙa ta taga ta nuna mata lungu da yatsa. Ta zagaya, ta iso kicin a jiƙe sharkaf. Duk layin nan haka ake yi, ba wanda ya ga laifi." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Matar da take wanke mini jiki, take juya ni kamar jaririya, ba zan nuna mata lungu ba. Gara su zo da motarsu."

Na ɗauki cokali na fara ba ta miyar.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce.

Litinin na nemi izini a makaranta. Dusar ƙanƙara ta sake sauka, matakalar ta zama kamar madubi. Odessa ta iso tana ɗingishi kaɗan, ta tsaya a gefen titi, jaka a hannu, ba ta hau ba. Na tare ta ina rawar sanyi, na gaya mata maganar lungu, na gaya mata abin da tsohuwar ta ce. Na ƙara da roƙo: ita kaɗai za ta iya warware wannan. In ta ce ita ta zaɓa da kanta, ai magana ta ƙare.

Ta dubi tagar.

"Lorraine, ke mutuniyar kirki ce," ta ce. "Amma kakata ta ƙare rayuwarta tana shiga gidajen mutane ta wajen shara. Ranar da na karɓi takardar aikin jinya ta sa na yi mata alkawari. Ni ma ba na bin lungu."

"Ya Ubangiji," na ce. "Ku biyun nan uwa ɗaya ta haife ku?"

Ƙwas, ƙwas. Mis Polly tana nuna a ɗaga taga. Na zagaya ta lungun da ba mai so sai ni, na shiga, na ɗaga gilashin kamar faɗin tafin hannu, na lulluɓe ta da bargo na biyu.

"Ina kwana, Misis Bielak," in ji Odessa daga waje. "Ga ni, ga matakala. Yaya za mu yi?"

"Ki hau a hankali."

"Na hau a hankali ranar Asabar."

"Takalmanki ne ba su da kyau."

"Takalmana lafiyarsu ƙalau. Bari in tambaye ki. Mu ma a yammacin gari irin matakalar nan ce a gidan kakata, ta fi taki fari ma."

"Ƙarya kike!"

"Da sanyi ya shigo sai kakana ya fito da rigar katako ya kifa a kai, hawa uku daidai wa daida, har da abin dafawa. Ba gishiri, ba huda dutse. Duk gidan da ya san darajar dutsensa yana da ita. Ina taki?"

Mis Polly ta kau da kai. Ni kuwa ban ma san ana yin irin wannan abu ba, don na zo layin ne bayan an daina.

"Mis Polly," na ce, "akwai?"

"Tana ɗakin ƙasa."

"Tana ɗakin ƙasa! Kwana biyu ina ta zirga-zirga kamar mahaukaciya, na sha kofin Mista Preston, na kwashe lungu guda da shebur, ashe abin yana ƙarƙashin ƙafafunmu?"

"Ba za a sa ta ba."

"Don me kuma?"

Ta juya zoben a yatsarta. Ya yi mata yawa yanzu, da zare aka ɗaure shi.

"Mijina Kaz ne ya ƙera ta. A cikin sanyi ya mutu, ba shiri. Kaina ya ɗaure, ban tuna da komai ba. Sai da suka fito da shi na ga a kan me suke taka ƙafa: tsohon katako, fenti duk ya ɓare, ga taɓon takalma. Duk layi a tsaye suna kallo. Uwata ta fita a kan farin dutse, ubana ma haka. Shi kuwa da ya ƙarasa biyan bashin gidan, a kan katako kamar buhun dankali." Ta share hanci da gefen bargo. "Washegari na ja ta da kaina na wurga ta ƙasa. Ni ba zan fita a kan katako ba."

Iska tana shigowa ta ƙasan tagar. Odessa ta matso har bakin bango.

"Misis Bielak, ni shigowa nake nema. Maganar fita kuwa, ai katako ba a manne yake ba. Ɗagawa ake yi."

"Wa zai tuna? Ranar kowa kuka zai tsaya yi."

"Wa zai yi miki kuka?" na ce. Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba.

Ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ɗaga ta zaune.

"To Malama, tunda ba za ki yi kuka ba, ke za ki ɗaga. Ki goge, har kusurwoyi. Kada wanda ya fitar da ni sai kin gama. Ki rantse."

Na rantse. Na sauka ɗakin ƙasa da tocila, na sami rigar katakon bayan tukunyar ɗumama gida, yanar gizo ta rufe ta. Mista Preston ne ya taya ni fito da ita, yana ta murna wai bai taɓa ganin ta gaske ba sai a hoto. Ta zauna a kan dutsen ɗas, kamar jiya aka auna. Odessa ta taka hawa na farko, ta girgiza abin dafawar, ta hau, ta shiga ta ƙofar gaba.

"Goge ƙafarki," in ji Mis Polly.

Motar gidan jinya ba ta zo ba. Na ɗauka na huta da aikin Asabar, ashe ban san komai ba. Sai da Mis Polly ta sa na kankare tsohon fentin katakon na shafa sabo. Na shafa kore, ta ce Kaz toka-toka yake shafawa. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai na share katakon, zoben yana bina a gilashi. Ita da Odessa kuwa kullum musu: wane sabulu ne ya fi fitar da dutse, wace unguwa ce ta fi iya dafa kaguwa, matakalar wa ta fi fari. A hankali musun ya riƙa gajarta. Ƙwanƙwasar ma ta koma sai ka kasa kunne.

Ranar wata Alhamis a ƙarshen Fabrairu, ina ɗaure gyalena zan fita, Odessa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta riƙe hannuna. Ta ce tana tsefe wa Mis Polly gashi ne, tsohuwar ta ce a hankali mana, ba doki kike gyarawa ba. Daga nan tsohuwar ba ta ƙara magana ba, rai ya yi halinsa.

Fada, limamin cocinsu, ya zo ya yi addu'a ya tafi. Ɗan ƙanenta da ke Ohio ya bugo waya ya ce yana hanya, ya riga ya kira masu ɗaukar gawa. Kafin in farga baƙar mota ta tsaya a tsakiyar layi, maza biyu cikin baƙaƙen kwat sun sauko da gadon ɗauka.

"Ku dakata," na ce.

"Baiwar Allah, mun tare hanya," in ji babban cikinsu. "Kuma akwai wani gidan da ke jiranmu."

"Sai ya jira."

"Me za a yi?"

"Wanki."

Ya dubi abokinsa, ya dubi katakon, ya dubi bokitin da ke hannuna. Ya nisa.

"'Yar asalin Poland ce?"

"Ita ce."

"Kakata ma haka ta yi mana," ya ce. Ya cire safar hannunsa. "Kama can, Dale."

Su suka ɗaga rigar katakon suka jingine ta da bango. Abin da ke ƙasa ya ba ni haushi: ƙura, busassun ganye, da baƙin layi inda katako ya kwanta. Na durƙusa. Ruwan zafi yana tururi a kan dutsen, yatsuna suka mutu tun a hawa na farko. Wata mota ta fara danna oda a bayan baƙar motar, ta ga abin da ake yi, ta yi shiru. Ƙofofi suka riƙa buɗewa. Ban ɗaga kai ba. Ina gogewa ina mita a zuci: mace ta tafi ta bar duniya, amma ta bar ni a durƙushe cikin sanyi, gwiwoyina a kan ƙanƙara, 'yan ajina suna can hannun malamin wucin gadi. Hancina yana ta zuba. Sanyi ne.

Odessa ta fito da tawul-tawul ɗin gidan gaba ɗaya. Ta durƙusa gefena da ƙyar saboda ƙugunta, ina gogewa tana tsanewa, don kada ruwan ya daskare.

"Kin bar kusurwa," ta ce.

"Ke ma?"

"Wani dai ya faɗa."

Na koma kusurwar hawa na ƙasa na goge ta har sai da burushin ya daina fitar da baƙi. Odessa ta tsane. Muka miƙe muna dafa juna.

Suka fito da ita ta ƙofar gaba, a lulluɓe, ba ta fi nauyin yaro ba. Suka sauko hawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ba wanda ya zame. Mutanen layi suna tsaye a bakin ƙofofinsu, Mista Preston ya cire hularsa. Motar ta tashi, ta sha kwanar da allon tarihi yake, ta ɓace.

Odessa ta shiga ɗauko jakarta. Ni na tsaya da bokiti. Rana ta ɗan leƙo ta saman rufin gidajen da ke fuskantarmu ta sauka a kan matakalar. Sawun takalman mutanen nan biyu yana nan a kan farin dutsen, daga sama har ƙasa. Na dubi tagar. Labule a buɗe, gado a gyare.

Akwai sauran ruwa mai ɗumi a bokitin. Na sake durƙusawa.